Nona Balakian da Matsayin Edita a Fagen Sharhin Littattafai a Amurka: Tarken Rayuwarta da Ayyukanta

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da ake bayar da tarihin adabin wata al'umma, sunayen da aka fi ambata su ne na marubuta ƙagaggun labarai da mawaƙa da masu tsara wasan kwaikwayo, sai kuma matarkan jami'o'i waɗanda suka kafa mazhabobi. Ba kasafai ake tunawa da editan da ke zaune a ofishin jarida ba, wanda shi ne ke yanke hukuncin littafin da za a yi wa sharhi, da wanda za a danƙa wa aikin, da kuma shafin da sharhin zai fito. Alhali kuwa ta hannun irin wannan mutum ne littattafai da dama ke isa ga masu karatu, wasu kuma su kwanta a kan kanta har ƙura ta binne su.

Wannan maƙala ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, wato Nona Balakian (1918-1991), Ba'amurkiya 'yar asalin Armeniya, wadda ta shafe shekara 43 tana aikin edita da sharhi a mujallar sharhin littattafai ta jaridar New York Times. Za mu dubi asalinta da karatunta, da yanayin aikinta, da littattafan da ta wallafa, da ƙungiyar matarka da aka kafa tare da ita. Ra'ayinmu shi ne, ba a cikin littattafan da ke ɗauke da sunanta babbar gudummawarta take ba. Tana cikin ƙoƙarin da ta yi na mayar da sharhin littafi sana'a mai ƙa'ida da martaba. Haka kuma za mu nuna cewa halin da ya ba ta ƙarfi a wannan aiki, wato karanta marubuci da kyakkyawan zato, shi ne kuma ya yi wa tarkenta iyaka.

2.0 Asalinta da Karatunta

An haifi Nona Balakian a shekarar 1918 a birnin Istanbul, a ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Mahaifinta likita ne. Shekara uku kafin haihuwarta, wato a ranar 24 ga Afrilu, 1915, hukumomin daular suka kame shugabanni da masanan Armeniyawa na birnin, abin da ya zama mafarin kora da kisan kiyashin da ya hallaka Armeniyawa kimanin miliyan ɗaya ko fiye. Cikin waɗanda aka kama a wannan rana har da wani danginta, Grigoris Balakian, limamin coci wanda ya tsira da ransa, daga baya ya zama bishop, ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa a littafinsa Armenian Golgotha, wanda juzu'insa na farko ya fito a Vienna a 1922. Gwamnatin Turkiyya ba ta amince a kira abin da ya faru kisan ƙare dangi ba, amma majalisun dokokin Amurka sun kira shi da wannan suna a 2019, shugaban ƙasar kuma ya bi sahu a 2021.

Iyalin sun bar Istanbul tana ƙarama, suka zauna a Turai na wasu shekaru, sannan suka isa Amurka a shekarun 1920. Gida ne na masu ilimi. Yayarta, Anna Balakian (1915-1997), ta zama farfesa a Jami'ar New York, ta kuma shahara a nazarin waƙoƙin Faransa na zamani. Ɗan ɗan'uwansu, Peter Balakian, mawaƙi ne da ya sami kyautar Pulitzer a 2016, kuma a littafin tarihin rayuwarsa, Black Dog of Fate (1997), ya bayyana yadda ya tashi a cikin dangin da manyansu ba su cika buɗe baki a kan abin da ya faru a 1915 ba.

Nona ta kammala Kwalejin Barnard a 1942, ta sami digiri na biyu a fannin aikin jarida daga Jami'ar Columbia a 1943. A can ta yi karatu a wajen fitaccen matarki Lionel Trilling. Wannan yana da muhimmanci ga fahimtar salonta. A wancan zamani mazhabar da ke tashe a jami'o'in Amurka ita ce wadda ake kira Sabon Tarke, wadda ke cewa a dubi matani shi kaɗai, a ajiye tarihin marubuci da na zamaninsa a gefe. Shi kuwa Trilling yana karanta adabi ne a matsayin madubin ɗabi'u da tunanin al'umma. Ke nan tun daga tushe Nona ta sha daga rijiyar da ke haɗa littafi da mutumin da ya rubuta shi da jama'ar da aka rubuta dominsu.

3.0 Aikinta na Edita

An fara buga mujallar sharhin littattafai ta New York Times a 1896, tana fitowa mako-mako. Nona ta shiga cikinta a 1943, a lokacin da Robert van Gelder ke shugabantarta, ba ta kuma bar ta ba sai da ta yi ritaya a 1987. Ta yi aiki a ƙarƙashin manyan editoci daban-daban, ciki har da Francis Brown (1949-1971) da John Leonard (1971-1975) da Harvey Shapiro (1975-1983).

Domin a gane nauyin wannan aiki, ya kamata mu fayyace abin da edita ke yi a irin wannan mujalla. Kamfanonin ɗab'i suna aiko da kwafin gwaji na littattafansu tun kafin su shiga kasuwa, kuma abin da ake aikowa ya ninka abin da shafuka za su iya ɗauka sau da yawa. Saboda haka aikin edita ya kasu kamar haka:

(i) Tacewa: ya karanta, ya ware 'yan kaɗan da suka cancanci sharhi.
(ii) Haɗawa: ya nemo mai sharhin da ya san fannin, wanda ba abokin marubucin ba ne, ba kuma abokin gabarsa ba.
(iii) Gyara: ya bi sharhin jimla bayan jimla, ya tabbatar duk hukuncin da aka yanke yana da hujja daga cikin littafin.
(iv) Jerawa: ya ba da shawara a kan tsawon sharhin da gurbin da zai samu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai hukunci ne na tarke, ko da yake mai karatu ba ya ganin sa hannun wanda ya yanke shi. Hasali ma, mafi tsananin hukuncin da ake yi wa littafi shi ne a ƙi ambatonsa gaba ɗaya. Wanda aka soka ya san an karanta shi, wanda aka yi wa shiru kuwa ba shi da ko wurin ɗaukaka ƙara.

A wannan fage ne Nona ta yi suna. An san ta da jawo hankali ga marubutan da ba su riga sun kafu ba, kuma cikin waɗanda ake ambata ta ƙarfafa wa gwiwa akwai Kurt Vonnegut da Joyce Carol Oates. Haka kuma ta ƙulla abota da Eudora Welty, marubuciyar gajerun labarai daga jihar Mississippi, wadda ta yi aiki na 'yan watanni a ofishin mujallar a 1944. Duk da wannan daɗewa da ƙwarewa, ba a taɓa naɗa ta babbar edita ba. Wasu ma'aikata mata na jaridar sun kai ƙarar kamfanin kotu a 1974 bisa zargin nuna bambanci wajen albashi da ƙarin girma, aka sasanta a 1978. Mace ta farko da ta shugabanci mujallar, Rebecca Sinkler, ta hau kujerar ne a 1989, shekara biyu bayan Nona ta ajiye aiki.

3.1 Sukar da Aka Yi wa Mujallar

Ba zai yiwu a yi wa Nona adalci ba tare da an kawo babbar sukar da aka yi wa gidan da ta yi wa aiki ba. A watan Oktoba na 1959, marubuciya Elizabeth Hardwick ta buga wata maƙala a mujallar Harper's a kan taɓarɓarewar sharhin littattafai a Amurka. Taƙaitaccen ƙorafinta shi ne, manyan jaridu, musamman New York Times, sun mayar da sharhi yabo marar gishiri, kowane littafi ana shafa masa mai daidai da na kusa da shi, har mai karatu ya kasa bambance gwani da ɗan koyo. Bayan shekara uku, yajin aikin ma'aikatan jaridun New York na kwana 114, daga Disamba 1962 zuwa ƙarshen Maris 1963, ya dakatar da fitowar jaridun birnin. A wannan giɓi ne Hardwick da Robert Silvers da Barbara Epstein da wasu abokansu suka kafa New York Review of Books, mai dogayen maƙalu da zafafan hukunce-hukunce.

A ganinmu wannan suka tana da gaskiya, amma ba ta kama gaskiyar duka ba. Tana da gaskiya domin sharhin da ba ya iya cewa littafi bai yi kyau ba, yabonsa ma ba shi da daraja. Mai karatun da ya sayi littafi bisa irin wannan yabo ya ga ba haka ba, gobe ba zai sake yarda da shafin ba. Inda sukar ta gaza kuwa shi ne, mujallun biyu ba jama'a ɗaya suke yi wa hidima ba. Sabuwar mujallar tana zaɓar littattafai kaɗan ta yi musu dogon nazari domin masana. Ita kuwa mujallar da Nona ke ciki tana shiga gidajen jama'a tare da jaridar Lahadi, kuma wajibinta ne ta sanar da malamin makaranta da ma'aikacin laburare da mai kantin littattafai abin da ya fito. Marubucin da ya fitar da littafinsa na farko ya fi buƙatar wanda zai karanta shi da natsuwa, ya faɗi abin da ya nufa da inda ya kai, a kan wanda zai gwada kaifin alƙalami a kansa. Irin wannan karatu na natsuwa shi ne abin da Nona ta tsaya a kai, kuma ba daidai ba ne a haɗa shi da ragwancin da Hardwick ta soka.

4.0 Rubuce-rubucenta

Littattafan da ke ɗauke da sunanta guda huɗu ne fitattu. Za mu dube su ta fuskar abin da kowannensu ya nuna game da hanyarta ta tarke.

4.1 Tarken Adabin Zamaninta

A 1963 ita da abokin aikinta Charles Simmons suka tsara The Creative Present, tarin maƙalun matarka daban-daban a kan marubutan zube na Amurka waɗanda ke raye suna kan rubutu. Alal misali, Diana Trilling ta yi nazarin Norman Mailer, Mark Schorer kuma ya ɗauki Carson McCullers da Truman Capote. Littafin aikin edita ne tsantsa, domin gwanintar da ke cikinsa ita ce ta haɗa kowane marubuci da matarkin da ya dace da shi. Akwai kuma ƙarfin hali a ciki, saboda yanke hukunci a kan marubucin da bai gama aikinsa ba kasada ce da jami'o'in wancan lokaci ba su cika shiga ba.

A 1978 ta tattara sharhunanta da maƙalunta na tsakanin 1953 da 1977 a cikin Critical Encounters. Sunan littafin kansa ya bayyana aƙidarta, domin yana nufin haɗuwa ce tsakanin matarki da marubuci, ba zaman kotu ba. Amfanin wannan hanya shi ne tana sa matarki ya fara tambayar abin da marubuci ya yi niyya kafin ya auna shi. Illarta kuma ita ce, wanda ya saba zama da marubuta yana jin nauyinsu, kuma jin nauyi yakan daƙushe hukunci. Daɗin daɗawa, gajeren sharhin jarida ba ya ba da filin gina ra'i. Wannan ne ya sa ba a danganta wata mazhabar tarke da sunanta, kamar yadda ake danganta wasu da malaminta Trilling ko Edmund Wilson.

4.2 Marubuta 'Yan Asalin Armeniya

A 1958 ta fitar da wani ɗan ƙaramin littafi, The Armenian-American Writer, wanda ƙaramin takensa ya kira rubutun Armeniyawan Amurka sabon lafazi a cikin ƙagaggun labaran ƙasar. A lokacin akwai marubuta irin su William Saroyan da Leon Surmelian da Richard Hagopian da Marjorie Housepian da Peter Sourian, dukkansu suna rubutu da Ingilishi. Ta yi wannan aiki ne tun kafin jami'o'in Amurka su buɗe sassan nazarin adabin ƙabilu, abin da bai kankama ba sai ƙarshen shekarun 1960. Ta wannan fuska tana cikin waɗanda suka share fage.

Sai dai kalmar lafazi da ta zaɓa ta cancanci a tsaya a kanta. A ilimin harshe, lafazi shi ne alamar da harshen farko ke bari a bakin mai magana da harshe na biyu. Ba sabon harshe ba ne, ba ma karin harshe ba ne. Idan aka ce adabin wata al'umma lafazi ne a cikin adabin wata, an amince ke nan cewa gidan na wasu ne, baƙo ya shigo da ɗan abin da ya rage masa. Wannan siffantawa ta dace da halin da ake ciki, kuma ta taimaka wajen shigar da waɗannan marubuta cikin babban zauren adabin Amurka maimakon a killace su a lungu. Amma akwai abin da ta bari a baya. Armeniyawa suna da haruffansu tun wajen shekara ta 405, lokacin da Mesrop Mashtots ya tsara su, kuma akwai 'yan gudun hijira da suka ci gaba da rubutu da harshensu a Amurka da Faransa da Lebanon. Armeniyancin Yamma, wanda shi ne na mutanen Istanbul inda aka haife ta, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa a 2010. Lafazi kan ɓace a bakin jikoki. Tarken da ya yi murna da lafazi bai tanadi amsa ga tambayar abin da zai saura idan harshen da ya haifi lafazin ya tafi ba.

4.3 Nazarinta a kan Saroyan

William Saroyan (1908-1981), haifaffen Fresno a jihar California, ya yi tashe tun daga tarin labaransa na farko a 1934. An ba shi kyautar Pulitzer a 1940 saboda wasan kwaikwayonsa The Time of Your Life, ya ƙi karɓa bisa hujjar cewa bai kamata masu kuɗi su zama alƙalan fasaha ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tauraronsa ya dusashe, matarka da yawa suna ganin rubutunsa ya cika son taɓa zuciya da rashin tsari. Nona ta duƙufa a kan nazarinsa a shekarunta na ƙarshe, littafin kuma, The World of William Saroyan, bai fito ba sai 1998, shekara bakwai bayan rasuwarta.

A nan ne ƙarfinta da iyakarta suka haɗu wuri guda. Ba kowane matarki ne zai iya fahimtar abin da ke ƙarƙashin raha da barkwancin Saroyan ba, wato maraici da baƙin cikin al'ummar da aka raba da ƙasarta. Ita ta fito daga wannan al'umma, ta san abin da shirun iyaye ke ɓoyewa. Amma kusanci yana da nasa haɗari. Wanda ya tashi domin ya wanke ɗan'uwansa daga zargi, aikinsa ya fi kama da na lauya a kan na alƙali. Don haka muna ganin ya kamata ɗalibi ya karanta wannan littafi a matsayin kariya mai hujja, ya kuma ajiye shi kusa da ra'ayoyin masu sukar Saroyan kafin ya yanke nasa hukunci.

5.0 Ƙungiyar Matarka

Aikinta da ya fi daɗewa shi ne wanda ba ta rubuta da alƙalami ba. A watan Afrilu na 1974, ita da John Leonard da Ivan Sandrof suka jagoranci kafa ƙungiyar masu sharhin littattafai ta ƙasa, National Book Critics Circle, a otal ɗin Algonquin da ke New York. Kafin wannan lokaci, manyan kyaututtukan adabi na ƙasar su ne Pulitzer, wadda Jami'ar Columbia ke kula da ita, da kuma kyautar littattafai ta ƙasa wadda ƙungiyoyin masu ɗab'i da masu sayar da littattafai suka kafa a 1950. Sabuwar ƙungiyar ta zo da kyautar da masu sharhi da kansu ke zaɓar waɗanda za a ba. A zagayen farko, na littattafan 1975, E. L. Doctorow ya yi nasara da Ragtime, John Ashbery kuma a fannin waƙa.

Muhimmancin wannan mataki shi ne ya haɗa kan mutanen da a da kowa ke aiki shi kaɗai a jaridar garinsa, ya ba su dandalin tattauna ƙa'idojin sana'arsu. Za a iya cewa wannan ita ce amsar da ta fi dacewa da ƙorafin Hardwick, domin maganin sharhi marar gishiri shi ne masu sharhi su riƙa auna junansu. Ƙungiyar tana bayar da lambar yabo ta shekara-shekara ga mai sharhin da ya fi ƙwarewa, kuma sunan Nona Balakian lambar ke ɗauke da shi. Cikin waɗanda suka same ta akwai Parul Sehgal, ta shekarar 2010, da Carlos Lozada, ta shekarar 2015, wanda ya sami Pulitzer a fannin tarke a 2019.

Bayan rasuwarta sana'ar ta shiga mawuyacin hali. Da tallace-tallace suka koma intanet, jaridu suka riƙa rage shafukan adabi. A 2007 wata babbar jarida a Atlanta ta soke muƙamin editan littattafai, abin da ya sa ƙungiyar ta ƙaddamar da gangamin ceto sharhi. Jaridar Los Angeles Times ta daina buga sashen littattafai mai zaman kansa a 2008. Wannan ya nuna cewa kujerar da Nona ta zauna a kai ba dawwamammiya ba ce, kuma idan aka ɗauke ta, zaɓen abin da jama'a za su karanta yakan koma hannun masu talla.

6.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun bi rayuwar Nona Balakian daga Istanbul zuwa New York, mun dubi aikinta na edita, da sukar da aka yi wa mujallarta, da littattafanta huɗu, da ƙungiyar da aka kafa tare da ita. Mun nuna cewa ba ta kafa mazhaba ba, kuma kyakkyawan zaton da take yi wa marubuta, musamman na al'ummarta, yakan rage kaifin hukuncinta. Haka kuma siffanta adabin Armeniyawan Amurka da lafazi ya buɗe musu ƙofa, amma ya bar batun makomar harshensu ba a taɓa ba.

Duk da haka, idan aka auna ta da ma'aunin da ya dace da aikinta, wato na edita, za a ga ta cika mudu. Ta karanta sababbin marubuta a lokacin da babu mai ba da tabbacin za su yi suna, ta nema musu masu sharhin da za su yi musu adalci, ta kuma bar wa masu sharhi ƙungiyar da ke tuna musu cewa aikinsu amana ce tsakanin marubuci da mai karatu. Saboda haka muna ganin duk wani nazarin tarihin adabin Amurka na tsakiyar ƙarni na ashirin da ya lissafa marubuta da matarkan jami'a, ya tsallake editoci irinta, bai ba da cikakken bayanin yadda waɗannan marubuta suka isa hannun jama'a ba.